Efo, Bifo, Sifo

Sai da na haura shekara talatin na fara riƙe fensir. Kafin nan da babban yatsa nake sa hannu. A asibiti, a wajen katin zaɓe, duk inda aka ce a sa hannu, sai wani ya kama mini hannu kamar na yarinyar goye, ya danna a tawada, ya danna a takarda, in dawo gida da shuɗin yatsa wanda sabulu ba ya fitarwa sai ya kwana biyu. Dangwale ke nan. Ban taɓa gaya wa kowa yadda abin yake ci mini rai ba, don ni ba mai yawan magana ba ce. Amma ranar da na haifi autata, na kama 'yan yatsunta ina dubawa, na ce a raina wannan dai ba za ta yi dangwale ba, in Allah ya yarda.

A shekarun da aka fara shari'a ne aka buɗe mana ajin yaƙi da jahilci a firamaren unguwarmu, nan cikin Daura. In yara sun tashi sai mu matan aure mu shiga da hijabanmu, mu matse a bencinsu, gwiwa na dukan tebur. Malamarmu tsohuwa ce da ta yi ritaya daga koyarwa. Haƙoranta na gaba sun zube, in ta ce "sa" sai ka ji kamar "sha", mu yi ta dariya, ita ma ta taya mu. Amma ta san aikinta. Ta rubuta baƙi, ta rubuta wasali, ta haɗa su: ba, be, bi, bo, bu. Maganarta ɗaya ce kullum: "Ku sa yatsa a ƙarƙashin baƙi, bakinku ya bi yatsan. Kada baki ya riga yatsa tafiya."

Wata shida na rubuta sunana. Kafin shekara ta zagayo na karanta wasiƙar ƙanwata da ke aure a Dutsi, ni kaɗai a ɗaki, ban nemi kowa ba. Maigidana harkar tumaki da raguna yake yi, yau yana karar Daura, gobe Mai'adua, jibi garin Babban Mutum. Yana karanta Alƙur'ani da kyau, amma boko ko sunansa bai iya rubutawa ba. Tun daga ranar wasiƙar nan ya sa mini suna Malama. Tsokana ce, amma ina amsawa.

A waɗannan shekarun ne kuma makarantu masu zaman kansu suka fara tsirowa a garin, kowane lungu da tasa. Ta ƙarshen layinmu a da sito ne, inda ake jibge buhunan gero da wake. Aka share, aka raba shi da katako, aka yi masa fenti shuɗi da ruwan ɗorawa, aka zana wata agwagwa sanye da hula a jikin bango. Allon ƙofar Larabci a sama, Turanci a ƙasa, Hausa ba ta sami wuri ba. Mai makarantar ban taɓa sa shi a ido ba. Matarsa ce ke riƙe da komai, ana ce mata Anti Babba. Sauran malaman 'yan mata ne da suka gama sakandare shekaranjiya, kowacce Anti ce. Sun raba takarda gida-gida, gefe ɗaya an taimaka an yi da Hausa, shi ne na karanta wa Maigida: Turanci tsantsa tun daga ranar farko, tarbiyyar Musulunci, tsarin koyarwa irin na ƙasashen waje. Wace ƙasa ce ba su faɗa ba.

Abokan Maigida na kara duk sun kai nasu, shi ma ya ce can Auta za ta. Tana da shekara huɗu. Aka ɗinka mata riga da ɗan hijabi har gwiwa, da farar safa, a wannan yashin namu, da jaka wadda in ta goya daga baya ba ka ganin komai sai jaka da ƙafafu. Na yi murna. Ba zan ɓoye ba, ranar farko da na raka ta ƙofar har da 'yar ƙwallata.

Daga tsakar gidanmu ana jin karatunsu. Ina wanke-wanke, ina surfe, ina shanya, su kuma suna ta yi, baki ɗaya, da iyakar ƙarfinsu:

"Efo afil! Bifo bol! Sifo kat! Difo dog!"

Tun safe har azahar. Litinin zuwa Juma'a. Da farko kajina suna firgita in an fara, daga baya suka saba. Ni kuwa na ce ai babbaƙu ne. A makarantar allo ma haka ake farawa, yaro ya san sunan kowane baƙi, sannan a shiga farfaru, sannan a koya masa haɗawa har ya ja aya da kansa. Na ce bari a gama babbaƙun tukuna. Shekara ta wuce suna Efo afil. Ta biyu ta kama, aka canja musu aji, aka canja musu Anti, Efo na nan inda yake.

Akuyarmu ta haifi tagwaye a lokacin, Auta ta sa musu suna Bifo da Sifo. Duk gidan muka ɗauka, har Maigida in ya shigo sai ya ce, "Wa ya bar Sifo a bakin rumbu?"

Wata rana ina yi mata kitso na tambaye ta, "Auta, wai mene ne afil ɗin nan?"

Ta ce, "Efo ne."

"To shi Efon fa?"

Ta juyo ta kalle ni kamar na tambaye ta sunan babanta. "Inna, afil ne mana."

Sai daga baya tsohuwar malamarmu ta warware mini. Ashe "fo" ɗin wata 'yar kalma ce ta Turanci mai zaman kanta, kamar ka ce baƙi kaza na abu kaza ne. Baƙin daban, kalmar daban. Yaran ne suka haɗiye su tare, suka zaci sunan baƙin ke nan, kuma babu wanda ya tsaya ya raba musu. Wa zai raba? Ni da kunnena na ji wata Anti ta tagar aji tana cewa da wata yarinya, "Ke, rubuta mini Difo."

A shekara ta uku aka ba su littafin karatu. Kowane shafi hoto ne a sama, babba, mai launi, a ƙasa kuma layi ɗaya ko biyu na rubutu. Nan ne Auta ta yi suna. Bayan la'asar Maigida zai shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya kira ta, ta zo ta tsaya ƙafa a haɗe, ta buɗe littafin ta yi ta zuba kamar rediyo. Ba ya jin ko kalma ɗaya, amma sai gyaɗa kai yake yana cewa, "Ma sha Allah. Malama, kin ji ko? Ke da ba-be-bi ɗinki." Ƙarshen zango ta zo ta ɗaya a aji. Ya kai takardar aka sa mata gilashi, ya rataye a zaure inda duk mai sallama zai gani.

Ni kuwa yatsanta nake kallo. Wani sa'i yatsan ya kai ƙarshen layi baki bai yi rabi ba. Wani sa'i baki ya gama, yatsa na can tsakiya yana yawo. Idonta kuma yana kan reshen darbejiya, ko kan kaza, ko kan fuskar babanta. Na gani sarai. Na ce wace ce ni, mai karatun yamma a bencin yara, da zan sa baki a harkar Turanci? Wataƙila su haka nasu yake.

Akuya ce ta fitar da ni daga shakka.

Wata Asabar da hantsi Auta ta bar littafin a kan turmi ta tafi wasa. Uwar su Bifo ta zo ta same shi. Ta sama ta fara ci, ta bi shi a hankali yadda take bin ganyen wake, kafin in ankara in kore ta ta cinye rabin sama na shafuka da yawa. Na ɗauka na duba. Hotunan sun tafi, amma rubutun ƙasa yana nan lafiya lau, ko baƙi ɗaya bai taɓu ba. Na ce alhamdulillahi, abin ya zo da sauƙi.

Auta na shigowa ta gani, sai ta zube a ƙasa tana birgima. "Ta cinye karatun! Inna, ta cinye mini karatun!"

Na ce, "Yi shiru, uwata. Hoto kawai ta ci. Ga karatun nan, duba."

Na zaunar da ita a cinyata, na buɗe shafin da jiya-jiya ta karanta wa babanta ba gargada. Na kama yatsanta na ɗora a kan kalmar farko. Ta kalla. Ta sake kalla. Ta juya shafin ta duba baya ko hoton ya koma can. Sannan ta ɗago da hawaye ta ce, "Inna, ai ba a karantawa in babu hoto."

Na kalli ɗan yatsan nan da ke cikin hannuna, sai na ga kamar har ya yi shuɗi. Shekara uku, da safa, da jaka, da takarda a gilashi, ashe hanyar dangwale aka ɗora mini ita, sai dai ita za ta yi nata da Turanci.

Na jira Maigida ya dawo, ya ci abinci, ya sha ruwa, sannan na gaya masa. Ya yi dariya.

"Malama, Malama. Yanzu ke da 'yar cikinki za ki yi gasa? Ke Hausa aka koya miki, wannan Turanci ne."

Na ce, "Haka ne, Malam. Amma ni tunda nake da kai ban taɓa ganin ka sayi rago don an wanke shi an shafa masa shuni ba. Sai ka buɗe bakinsa ka duba haƙori, ka taɓa gadon baya."

Ya daina dariya. Ya sosa gemu. Sannan ya ce, "To bari mu buɗe bakin. Auta, je ki zaure sai na kira ki." Da ta fita ya matso ya raɗa mini a kunne, "Rubuta rago." Na ɗauko gawayi na rubuta a simintin ƙofar ɗaki, manya-manya, baƙi huɗu. Ya kira ta.

"Karanta wa Baba wannan."

Ta tsaya ƙafa a haɗe, ta gyara murya. Wannan kam ta san su, har murmushi take. "Arfo rat! Efo afil! Jifo got! Ofo oranj!"

Ya kalle ni, ya kalle ta. "Me ke nan da Hausa?"

Ta ƙirga masa da yatsu. "Ɓera, da afil, da akuya, da lemo."

"Iko sai Allah," in ji shi. "Rago ɗaya na ba ki, kin dawo mini da ɓera da akuya da lemo. Shi kuma afil ɗin ko ci ake ko hawa ake, oho."

Auta ta yi tsalle tana murna, ta zaci yabo ne. Shi kuwa ya daɗe yana kallon simintin. Daga baya ya ce ai kalmar ta Hausa ce, wataƙila shi ya sa. Na ce ga littafinsu nan na Turanci, wanda akuya ta rage, a gwada. Bai karɓa ba. Ya ce, "Gobe Lahadi. Jibi ki shirya ki je ki ji daga bakinsu."

Ofishin Anti Babba ɗan ƙurya ne da aka yanka daga siton, har yanzu in ka shaƙa da kyau kana jin ƙanshin maganin ƙwarin wake. Akwai fanka, akwai ƙwallon taswirar duniya, akwai kwamfuta an lulluɓe ta da zanen gado, wayarta a naɗe a kai, ban ga inda za a jona ta ba ma a ɗakin. Ita Anti Babbar kanta a shekaru ba za ta kai ƙanwata ta uku ba. Na gaishe ta, ta amsa tana duba wata takarda.

Na ajiye littafin a gabanta, na faɗi abin da ya faru, a hankali, yadda ya faru.

Ta ce, "Ayya, Mama. Ai wannan ba matsala ba ce. Tsarinmu ke nan. Yaro ya ga hoto, ya faɗi abin da ke ciki. A ƙasashen waje haka ake yi yanzu, an daina wancan na dā."

Na ce, "To madalla. Amma yaushe za a koya musu haɗa baƙi?"

"Haɗa me?"

"Baƙi da wasali. Su haɗu su ba da kalma."

"Oh. Wannan ai da kansa yake zuwa."

"Da kansa?"

"Da kansa, Mama. Yarinyarki fa ita ce ta ɗaya. Iyaye nawa ke neman haka ba su samu ba." Ta ɗan karkata kai ta dube ni daga hijabi har silifa. "Mama, a ina kika yi karatu?"

Na ce, "Yaƙi da jahilci."

"Ayyo," in ji ta, ta ja kalmar har ta kai bango ta dawo. Ta tura mini littafin da ɗan yatsa ɗaya. "Ki gaya wa babanta a sayo sabo. Kuma gaskiya, Mama, matsalar nan ta gida ce. A ɗaure akuya."

Na yi mata godiya. Me zan ce? Mutum ya zauna a ƙarƙashin fanka, yara fiye da ɗari a hannunsa, an kawo masa shaida ƙiri-ƙiri cewa babu mai karatu a cikinsu, shi kuma abin da ya hango igiya ce. Da zan fita na bi ta ƙofar ajin su Auta. Wata Anti na tsaye da tsumagiya tana dukan wata babbar takarda mai hotuna, ɗaya hannun tana latsa waya, ko kallon inda take duka ba ta yi. Yaran na ta ihu. A bencin baya na ga wata yarinya ta kifa kai tana barci, wallahi bakinta na motsi tare da na sauran.

Maigida na dawowa ya ce, "Malama, me suka ce?"

Na ce, "Sun ce a ɗaure akuya."

Ya tuntsire da dariya har da buga cinya, sai kuma ya tsaya cak kamar an kashe rediyo. Na zaci zai ce a cire Auta daga makarantar. Bai ce ba. Na san abin da ke ransa: takardar zaure, da abokansa na kara waɗanda ya cika wa kunne da labarin Auta. Ya ce, "Ba zan cire yarinya tana ta ɗaya ba, mutane su ce na kasa ne. Ki yi naki a gida, su yi nasu a can. Zuwa babbar salla zan sake buɗe bakin. Abin da na gani shi zan bi."

Wata huɗu ke nan da 'yan kwanaki. Na ce to.

Kullum in ta dawo ta ci abinci ta huta, kafin ta tafi makarantar allo, sai mu zauna a bakin madafa da gawayi. Na ɗauka abin zai yi sauƙi tunda ta san kamannin baƙaƙen. Ashe gara wanda bai san komai ba. Duk baƙin da na rubuta yana zuwa da jelarsa. In rubuta b, kafin in ɗaga hannu ta ce, "Bifo bol!"

"A'a, uwata. Ajiye ƙwallon. Wannan da wannan in sun haɗu, ba."

"Bifo Efo."

"Ba."

"Anti ta ce Bifo ne! Kuma ta ce duk wanda ya yi Hausa da littafi za a sa shi kamun kunne."

"Nan ba littafi, gawayi ne. Ce ba."

Ta yi kuka, ta yi fushi, ta ce ni ban iya ba, ban je makaranta mai yunifom ba. Ban ji haushinta ba, ba ita ta ƙirƙiro maganar ba. Na yi ta cire mata "fo" ɗin nan ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ranar da na ga ta gaji sai in bar ta. Akwai makon da na fid da rai, na ce ko dai Anti Babba ce da gaskiya, ni ce ban san zamani ba. Na je na sami tsohuwar malamarmu a gida, tana gyaran zogale. Ta saurare ni, ta ce, "Ke wata nawa kika yi kafin ki haɗa? Koma ki ci gaba. Yatsa dai, yatsa."

Wata Laraba ce. Na rubuta ba, na rubuta wani ba a gefensa, na kama yatsanta. Ta ce, "Ba." Na matsar. Ta ce, "Ba." Na ce ta sake, da sauri kaɗan. "Ba, ba. Ba-ba. Baba." Ta waiga ƙofa, ba kowa. Ta dawo da ido kan simintin, ta ce a hankali, "Inna, Baba ne a ciki?"

Na ce, "Shi ne."

Daga ranar ban sake samun hutu ba. Buhun gishiri, gwangwanin madara, bayan motar Katsina, duk abin da ke da rubutu sai ta tsaya ta sa masa yatsa.

A makaranta kuwa sai abin ya zama laifi. Da aka sayo sabon littafin ta daina kallon hoto, ta koma bin rubutun da yatsa, tana jan Turancin yadda ake jan Hausa, a hankali, sauran yara sun kai ƙarshen shafi ita tana layin farko. Aka aiko mini da takarda, da Turanci, ni da suka san inda na yi karatu. Auta ce ta zauna ta haɗa mini baƙaƙen tun daga sama har ƙasa, da ƙarfi, ba ta gane ba ban gane ba, muka yi ta dariya. Na kai wa malamarmu ta fassara: wai ana ɓata musu yarinya a gida, ta zama mai nawa, a daina. Na ninke takardar na sa a ƙarƙashin ƙafar tebur da ke girgiɗi. Jarrabawar zangon nan Auta ta faɗo can ƙasa, waɗanda ke bayanta ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba.

Maigida bai ji daɗi ba. Kwana biyu ba ya ce mini Malama. Na ji labarin a kara har an fara tsokanarsa, wai 'yar Turanci ta koma 'yar gawayi. Ni dai na ci gaba da tuwona.

Saura kwana uku salla ya dawo daga Mai'adua bayan la'asar, ya gaji liƙis, rigarsa duk warin raguna. Ko wanka bai yi ba ya zauna a tabarma ya ce, "Auta, zaure." Ta fita. Ya matso kusa da kunnena, ya ɗan yi tunani, sai na ji yana murmushi tun kafin ya yi magana. Ya raɗa mini abin da zan rubuta. Na kalle shi. Ya ce, "Rubuta dai." Kalma uku ce, ɗaya har da baƙi mai ƙugiya wanda babu shi a takardar hotunan Anti. Na rubuta.

Ta shigo. Ba ta haɗe ƙafa ba, ba ta gyara murya ba. Ta durƙusa ta ɗora yatsa.

"A." Ta matsa. "Ɗa... u... re. Ɗaure." Ta matsar da yatsa. "A... ku... ya."

Ta ɗan tsaya tana kallon rubutun. Sai kawai ta miƙe ta nufi turke, ta ɗauko igiya, ta bi uwar su Bifo da ke can tana cin ƙaiƙayi a bayan rumbu.

Maigida ya ce, "Ke, ina za ki?"

"Ai ka ce a ɗaure akuya."

"Ni? Yaushe na ce miki? Kin ji bakina?"

Ta dawo da igiyar a hannu, ta nuna simintin da ƙafa. "Ga shi nan ka ce."

Bai yi dariya ba wannan karon. Ya kalli rubutun da shi kansa ba ya iya karantawa, ya kalli yarinyar, ya sa hannun riga ya goge fuska kamar gumi ne. Sannan ya ce, "Mayar da igiyar, uwata. Wannan akuya ba mai ɗaure ta a gidan nan." Ya juyo gare ni. "Malama, a ba ni ruwan wanka." Yadda ya faɗi Malamar a ranar daban ne, ni na sani.

Bayan salla ya kai ta firamaren unguwa, inda na yi nawa karatun. Tagogin ajin babu murafu, bencin bai isa ba, ba zan ce komai na can daidai yake ba. Amma malamin ajinsu dattijo ne da ke fara wa yara da Hausa, in sun iya haɗawa sannan ya shiga da su Turanci, kuma a wajensa ta koyi Turancin har ta zo tana karanta mini takardar magani. Takardar zaure kuwa shi da kansa ya sauke. Gilashin ya ba ni, na sa takardar shaidata ta yaƙi da jahilci a ciki.

Makarantar ƙarshen layi tana nan, har ta yi bene, ta sayi mota mai ɗaukar yara. An sake wa agwagwar fenti. In na bi ta wajen da hantsi zan tafi unguwa, ina jin su ta taga, sababbin yara, 'ya'yan mutane, da iyakar ƙarfinsu. Har yau ba a wuce Efo ba.